Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya: A Horas da Hannayen da Ke Fara Isa ga Majinyaci

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate, Cigarin Misau,
Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja.



 

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen haɗari da gaggawa na wani babban asibitin jiha da ke bakin babbar hanya a Arewa, kuma na daɗe a wannan aiki. Maganar da ke tafe da ni ba sabuwa ba ce. Mun yi ta a tarukan sashe, mun rubuta wa hukumar asibiti, ƙungiyarmu ta kai ta gaban ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma amsar da muke samu kullum ɗaya ce: an tura sama. To ranka ya daɗe, a harkar lafiya kai ne saman. Shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a, kuma zan yi maganar yadda take, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zan fara da abin da ke hannu, don kada a ce ban san an yi ƙoƙari ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, har ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin jinyar gaggawa. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 aka ƙaddamar da shirin NEMSAS a Abuja, da alkawarin cewa za a ɗauko majinyaci a kula da shi kyauta na awa 48 na farko, kuma a zamaninka shirin ya faɗaɗa zuwa jihohi. Duk wannan mun gani, mun kuma yaba. Kukana shi ne an tanadi doka, an tanadi kuɗi, ana sayen motoci, amma mutumin da zai durƙusa a gefen titi ya sa hannu a jikin majinyaci, shi ne aka bari a baya.

Abu na farko, ranka ya daɗe, bari in nuna maka yadda wanda ya yi haɗari yake isowa wurinmu. Da wuya motar asibiti ta kawo shi. A bayan a-kori-kura yake zuwa, ko a adaidaita sahu, ko a naɗe a kujerar bayan wata motar haya. Waɗanda suka ciro shi daga motar da ta kife bayin Allah ne masu tausayi, direbobi da 'yan kamasho da manoman da ke kusa. Ɗaya ya kama hannuwa, ɗaya ya kama ƙafafu, kai yana lilo. Idan ya suma, sai a kwara masa ruwa a fuska, wani ma ya ɗura masa a baki yana kwance rigingine, ruwan ya bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu. Idan cinya ce ta tsage jini na tsartuwa, sai a yafa mata tsumma a bar shi, alhali da wani ya danne wurin da ƙarfinsa bai ɗaga ba, ko ya ɗaure saman ciwon tamau, da jinin ya tsaya. Na karɓi wani saurayi wanda 'yan uwansa suka shaida mana cewa yana motsa ƙafafunsa a wurin da haɗarin ya faru. Kafin ya iso ƙofarmu, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Ƙashin wuyansa ya tsage tun a haɗarin, amma ɗaukar da aka yi masa ce ta ƙarasa lakar. Waɗanda suka ɗauko shi suna tsaye a bakin ƙofa, rigunansu jiƙe da jininsa, suna tambaya ko zai tashi. Ban iya gaya musu abin da ya faru ba, domin ba su da laifi. Ba wanda ya taɓa koya musu cewa ana tallafe kai da wuya, a mirgina mutum gaba ɗaya a kan katako ko ƙyauren ƙofa, sannan a ɗaga.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da mutum 5,000 ne suka mutu a hanyoyinmu a 2024, waɗanda aka iya ƙirgawa ke nan. Kai likita ne, ka fi ni sanin cewa da yawa daga cikin masu mutuwa bayan haɗari abu biyu ne ke kashe su kafin su ga likita: zubar jini da toshewar hanyar numfashi. Dukansu biyun ana iya magance su da hannu da tsumma mai tsabta da ilimin yini guda.

An gwada, kuma ya yi. A ƙarshen shekarun 1990, likitoci a Kumasi ta ƙasar Gana sun tara direbobin haya fiye da 300, suka koya musu taimakon farko cikin 'yan awoyi, da kayan da ke cikin motarsu, kuma da aka bibiye su daga baya an tarar suna aiki da abin da suka koya. Mu ma a nan gida muna da tushe. A jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, an yi shirin da direbobin ƙungiyar NURTW suke ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare ne, kuma direbobin sun riƙe amanar. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, babu garin da za ka shiga ba ka same su da kakinsu ba, su ne a filin idi, su ne a maƙabarta, su ne kan gaba idan gobara ta tashi a kasuwa. Ga 'yan sa-kai na Red Cross, ga 'yan sintiri, ga 'yan acaɓa. Runduna ce a tsaye, ba ta neman albashi. Ilimi take nema, da harshen da take ji. Na sha ganin an kira taron horo a otal, ana jawabi da Turanci ana haska allo, direban da ake son ya koya kuwa yana tasha yana lodi.

Abu na biyu, motar asibitin kanta. A wurare da yawa da na sani, abin da ke cikinta direba ne da gado. Tukunyar oksijin tana nan amma babu iska a ciki, na'urar zuƙe majina ta lalace, babu abin tallafe wuya, babu ruwan ƙari. Idan za a tura majinyaci zuwa asibitin koyarwa, sai a ce dangi su zuba mai, sannan a duba cikin ma'aikatan da ke bakin aiki a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta a ce ya raka. Yaron nan ko yarinyar nan ba a taɓa koya musu yadda ake kula da mutum a cikin mota mai gudu ba, inda ba ka jin bugun zuciya saboda ƙarar inji, inda allurar ƙarin ruwa ke fita a kowane rami. Asibitin da za a je bai san ana zuwa ba, sai an isa a ce babu gado, a juya. Jama'a sun lura da wannan. Shi ya sa a garuruwanmu da yawa, idan aka ga motar asibiti ta shigo unguwa, abin da ake fara tambaya shi ne wa ya rasu. Mota ce ta kai gawa gida, ko ta bin ayarin manya.

Aikin cikin motar nan sana'a ce mai zaman kanta, tana da masu ita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara horas da jami'an agajin gaggawa tun 2008, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta amince da manhajar difloma a fannin. Amma ranka ya daɗe, a duk tsawon aikina ban taɓa karɓar majinyaci daga hannun irin wannan jami'i ba. Matashi ba zai kashe shekaru yana karatun da bai ga gurbinsa a ma'aikatar jiharsu ba, bai san matakin albashin da zai fara a kai ba, bai san inda zai kai ba. Gana ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, tana da makarantar horas da jami'anta a Nkenkaasu, kuma da ta raba motoci 307 a 2020 akwai waɗanda aka horas domin su shiga cikinsu. Legas tana da nata tsarin tun 2001. Mu a Arewa, inda tazara tsakanin ƙauye da babban asibiti ta fi tsawo, mu muka fi kowa buƙatar wanda zai riƙe ran majinyaci a hanya.

Na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne horon mu da ke cikin asibiti. Yawancinmu rabonmu da danna ƙirjin mutum-mutumin koyo tun muna makaranta. Idan takardar bita ta zo, sunayen da ke fita na waɗanda ke ofis ne, saboda akwai alawus da kwanan otal, wanda ke kwana a sashen gaggawa kuwa sai dai ya ji labari. Wanda ya samu zuwa ya dawo da satifiket ya rataye, ba a ba shi lokaci ko kayan da zai koya wa sauran ba, bayan shekara a yi masa canjin wurin aiki, ilimin ya tafi da shi.

Aikin gaggawa kuwa a hannu yake zama, kamar tuƙin tuwo, wadda ta daɗe ba ta riƙe muciya ba sai ya yi mata gudaji ko da ta haddace yadda ake yi. Idan numfashin yaro ya tsaya, babu lokacin tuna abin da malami ya faɗa shekara bakwai da suka wuce. Dole hannu ya san inda jakar hura iska take, ya san girman abin rufe fuskar da ya dace da yaro, ya san yadda ake ɗaga haɓa. Dole kowa a ɗakin ya san matsayinsa tun kafin a yi ihu: wannan a kai, wannan a jijiya, wannan yana rubuta lokaci, wannan ya ruga ɗakin jini. Ba a samun wannan sai da atisaye, a ɗakin da ake aikin, da kayan da ake aikin da su, minti 20 ko 30 a kowane mako, har da mai gadi da mai tura gado, domin su ne majinyaci ke fara cin karo da su. A irin wannan atisaye ne ake gano cewa mabuɗin kabad ɗin magungunan gaggawa yana aljihun wanda ya tashi daga aiki, ko batirin fitilar duba maƙogwaro ya mutu. Gara a gano ranar Laraba da safe da a gano ƙarfe biyun dare da mutum a kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai an ƙirƙiro manhaja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa sun fitar da kwas na kwana biyar a 2018 kan kulawar gaggawa ta farko, an tsara shi musamman domin asibitoci irin namu masu ƙarancin kaya. Hujjar cewa horo a wurin aiki yana ceton rai kuma daga gidanmu ta fito. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarenmu, ya nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa ledar auna jini, aka horas da ungozomomi su ba da magungunan a tare da zarar jinin ya kai ma'auni, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta na raguwa da kashi 60 cikin 100. Magungunan duk sanannu ne. Abin da ya canja shi ne an gane da wuri, kuma hannaye sun saba. A ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, bai kamata a ce akwai ɗakin haihuwar da wannan horo bai kai ba. Na san ka ƙaddamar da shirin rage mutuwar mata masu juna biyu a ƙananan hukumomi 172, Allah ya saka. Amma tiyatar haihuwa kyauta da ke cikin shirin tana amfanar wadda ta iso da rai ne.

Sai ranar da musiba ta zo da yawa a lokaci guda. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, fiye da 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ina jinjina wa abokan aikinmu da suka kwana a tsaye a waɗannan darare. Tambayata ita ce, asibitocin da ke bakin manyan hanyoyi nawa ne aka sa suka gwada yadda za su yi idan masu ƙuna 50 suka shigo cikin awa ɗaya? Wa zai tsaya a ƙofa ya tantance wanda za a fara dubawa? Wa zai kira waɗanda ke gida? Ina za a samo ruwan ƙari, alhali mai babbar ƙuna shi kaɗai yana shan leda da yawa a yinin farko? Mu dai a inda nake ba a taɓa gwadawa ba, kuma tankoki suna wucewa ta ƙofarmu dare da rana. Su ma jama'a har yanzu ƙwai da man goge baki da baƙin mai suke shafa wa ƙuna, ba su ji daga bakin hukuma ba cewa ruwa mai tsabta ake kwararawa na minti 20.

Lambar kiran gaggawa ta 112 ba zan tsawaita a kanta ba. Ka sa a tambayi mutum goma a kowace tasha a Arewa, ka ji nawa suka san ta. Wanda ya sani ya kira kuma, yana buƙatar a amsa masa da harshen da yake ji, a gaya masa abin da zai yi da hannunsa kafin mota ta iso.

Akwai kuma tsoro. Mutane suna wuce wanda ke kwance a titi saboda gudun kada a riƙe su a ofishin 'yan sanda. Ma'aikaci a asibiti yana jan ƙafa a kan wanda aka harba, ko yana neman a ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci, domin idan bai karɓa ba shi za a tuhuma da kuɗin kayan da aka yi amfani da su. Dokokin 2014 da 2017 suna bayansa, amma ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa su, kuma bai ga kuɗin awa 48 ɗin sun iso asibitinsu ba balle ya saki jiki. Wannan ma horo ne, kuma ya haɗa da akawu da mai karɓar kuɗi da ɗan sandan da ke bakin ƙofa.

Na san za a ce lafiya a matakin jiha aikin gwamnoni ne. Haka ne. Amma kai kake shugabantar Majalisar Lafiya ta Ƙasa inda kwamishinoni ke zama, kuma ta hannun ma'aikatarka kuɗin gaggawa ke fita. Wanda ke riƙe da kuɗi yana da ikon gindaya sharaɗi.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙon ka sa ya zama sharaɗi cewa duk jihar da za ta karɓi kuɗin NEMSAS sai ta nuna sunayen ma'aikatan da aka horas ga kowace mota, da shaidar cewa an sabunta horonsu, kuma a ware wani kaso bayyananne na kuɗin domin horo kaɗai, kada ya narke a sayen motoci.

Ina roƙon ka tsaya tsayin daka a Majalisar Lafiya ta Ƙasa har jihohi su buɗe gurbin jami'an agajin gaggawa a tsarin aikinsu, da matakin albashi da hanyar ƙarin girma, a kuma buɗe sashen koyar da su a kwalejojin kimiyyar lafiya na kowace shiyya ta Arewa. Kafin su yaye ɗalibai, a ɗauki ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara da ke raka majinyata yanzu, a ba su horon wucin gadi.

Ina roƙon a kai kwas ɗin kwana biyar ɗin nan cikin asibitoci, a fara da waɗanda ke bakin manyan hanyoyi, a zaɓi mahalarta daga jadawalin masu kwana a bakin aiki. A bar wa kowane asibiti mutum-mutumin koyo da malamai biyu daga cikin ma'aikatansa, a wajabta atisayen mako-mako, da na babbar musiba aƙalla sau ɗaya a shekara tare da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda. Masu zuwa duba asibiti su riƙa neman littafin atisaye kamar yadda suke neman na magunguna.

Ina roƙon ma'aikatarka ta zauna da shugabannin direbobi da na 'yan agaji da Red Cross da Hukumar Kiyaye Haɗurra, a tsara darasin yini ɗaya da Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu, a koyar da shi a tasha da harabar masallaci da coci, a kuma maimaita shi a gidajen rediyo. Abu huɗu sun isa a fara da su: tsai da jini, kwantar da wanda ya suma a gefensa, ɗaukar mai rauni ba tare da lanƙwasa wuya ba, da sanyaya ƙuna.

A ƙarshe ina roƙon ka rubuta wa Sufeto Janar na 'yan sanda da shugabannin asibitoci takarda guda, a liƙa ta a ƙofar kowane sashen gaggawa da harshen da jama'a ke karantawa, cewa wanda ya kawo mai rauni ba za a tsare shi ba, kuma ba a neman kuɗi ko takardar 'yan sanda kafin a fara ceton rai. Idan hali ya yi, ka turo wakilanka su kwana dare ɗaya a sashen gaggawa na wani asibitin jiha ba tare da sanarwa ba, su kawo maka rahoton abin da suka gani.

Idan akwai inda harshena ya yi kaifi, ina neman afuwa, ciwon abin ne ya sa. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon duba wannan koke.



Naka mai biyayya,
Ma'aikacin jinya a sashen haɗari da gaggawa,
daga wani babban asibitin jiha a Arewacin Nijeriya.